Eriyar Tukur Mai Jin Raɗa

A Rafin Kanya, wani ɗan ƙauye da ke kwance cikin kwari a bayan Gubuchi, akwai wani mutum da ake kira Tukur, shi kuma yake kiran kansa Injiniya. Ya yi shekaru a Zariya yana aiki a wata babbar makaranta, a sashen da ɗalibai ke binciken eriya. Aikinsa a can riƙe tsani ne. Idan ɗalibai za su hau rufi su kafa ƙarafunansu, shi ke tallabe tsanin daga ƙasa yana sauraron abin da suke faɗa a sama, rabi ya shiga kunnensa, rabi iska ta tafi da shi. Da aikin ya ƙare, ya dawo gida da farar rigar ɗakin gwaji wadda wani ɗalibi ya manta a ƙusa, da sukundireba a aljihun gaba, da baki cike da labari.

Mutanen gari sun karɓi sunan Injiniya ba gardama, tunda ba ya rage wa kowa komai. Mahaifiyarsa ce kaɗai, Inna Indo, ba ta taɓa gwada shi a bakinta ba. Ko a gaban baƙi, Auta take ce masa.

A daminar nan jikarta Mukarrama, 'yar Hamisu yayan Tukur, ta kai zagayen ƙarshe na gasar karatun Alƙur'ani. A Zariya za a yi, kuma wata ƙaramar tashar rediyo za ta watsa kai tsaye ranar Asabar da hantsi. Inna Indo ce ta fara biya wa yarinyar Fatiha tun bakinta bai gama buɗewa ba, ga shi yanzu gwiwa ta hana ta doguwar tafiya. Tashar kuwa ba ta sauka cikin kwarin Rafin Kanya. In an murɗa rediyo wajenta, sai a ji shuu kamar an zuba ƙosai a mai. Aka ce a ɗauko mata karatun a waya ta ji daga baya, ta ce ita ba ta son ɗumame, a lokacin da yarinyar ke yi take so ta ji. Sai Hamisu ya shirya a sa ta a gaban motar da ke shigowa ranar Laraba, ranar kasuwar Makarfi, a sauke ta gidan ƙanwarta a can Makarfi, inda tashar ke fita tas.

Nan Tukur ya gyara wuyan farar riga. Ya ce abin kunya ne a ji uwar injiniya ta tafi cin arzikin rediyon wasu. A dandalin ƙofar gida, gaban duk wanda ya zo shan iska, ya yi bayani cewa eriyar da ke jikin rediyo gurguwa ce, hannu ɗaya gare ta. Eriyar gaske hannu biyu take da shi, dama da hagu, tsawonsu ɗaya, masana na ce mata daifol. In kuma aka jera irinta da yawa a kan sanda guda, kamar sahun salla, sai su haɗa ƙarfi su fuskanci waje ɗaya. Har zuwa nan bai yi wa ɗaliban ƙarya ba. Amma da ya ga an yi tsit ana kallon bakinsa, sai ya ji maganar ta yi gajarta.

"Duk inda ta sa gaba," in ji shi, "ko raɗa ake yi a ƙuryar ɗaki sai ta jawo ta. Bango ba ya tare ta, dutse ba ya tare ta."

Hamisu ya dubi uwarsu. Tsohuwar ta daɗe tana murza carbi.

"Auta, zan ji yarinyar nan?"

"Inna, har numfashinta."

Ranar Laraba mota ta tafi da Hamisu da Mukarrama, ta bar Inna Indo a kan tabarmarta. Wata motar ba za ta sake keto taɓon hanyar ba sai wani makon.

Kayan aiki bai ba Tukur wahala ba, domin duk suna ɗakin matarsa. Naja'atu ta dawo daga gidan suna ta tarar labulenta a ƙasa, sandunan sun tafi. Ta leƙa gado, ƙarafan gidan sauro sun bi su. Ta fito tsakar gida, wayar shanya ma an kwance, an tara mata wankin a kan turmi. Mace ce mai ƙarancin magana. Ta tambaye shi kawai ko Zariya ma haka matan injiniyoyi ke kwana a sarari, ya ce mata duk wani babban bincike da sadaukarwa yake farawa. Ta ce to, ta lura dai kayanta ne ke ta yin sadaukarwar.

Ya tuna ɗalibai na cewa kowane hannu kusan kamu ɗaya da rabi ne. Abin awo babu, sai ya auna rabin sandunan da kamunsa, sauran ya ba Yahuza ya auna. Yahuza taubashinsa ne, maƙwabcinsa ta kudu, mai dafa mazarƙwaila, dogo ne har sai ya sunkuya yake shiga zaure. Tukur kuwa gajere ne. Da aka ɗaure sandunan a jikin gwangwala, abin ya fito kamar tsohon matajin da yara suka yi wasa da shi. Yahuza ya ce ko a gyara, Tukur ya ce da gangan ne, gajerun na kama muryar mata, dogayen na kama ta maza.

Aka kafa doguwar gora a kan soron Tukur, aka ɗora matajin a samanta. Daga nan rigima ta fara.

A Rafin Kanya namiji ba ya hawa soro ko itace sai ya yi shela, don matan gidajen kewaye su kimtsa ko su shige ɗaki. Mai gyaran rufi sau ɗaya yake yi da safe, a haƙura da shi. Amma ita eriya ba a daidaita ta da hawa ɗaya. Tukur zai ce a gafara za a hau bisa, ya hau ya ɗan juya ta, ya sauko ya kasa kunne a rediyo, ya girgiza kai, ya sake cewa a gafara. Mata suka yi ta ajiye taɓarya suna ɗauka. Tuwo ya kama a gida uku. Ummuhani, bazawarar da ke gabas da shi, mai sana'ar man gyaɗa, tana cikin matsar tunkuza ta ruga ɗaki, kafin ta fito kaji sun yi walima. Da la'asar ta zo bakin zaure da kanta, ta ce a faɗa wa Injiniya, in ya sake cewa a gafara, ita ba za ta gafarta ba, a tsakar gidanta zai same ta da muciya.

Tukur ya ce wannan ƙaramar matsala ce ga mai ilimi. Ya ɗaura igiyoyi a jikin gwangwalar yadda za a iya juya ta daga ƙasa ba sai an hau ba. Tsakar gidansa ƙanƙanuwa ce, igiya ba ta samun jan da ya kamata, sai ya roƙi maƙwabta. Ya jefa ɗaya gidan Ummuhani ta ɗaure a turken akuya, ɗaya gidan Yahuza, ɗaya kuma yamma, gidan Malam Abdulbaƙi mai makarantar allo, dattijon da ba a taɓa jin muryar iyalinsa daga waje ba. Kowa ya karɓa da murna, tunda dai shelar za ta ƙare.

Ranar Alhamis da yamma aka yi gwaji. Tukur ya aro lasifikar makarantar Islamiyya, ya haɗa da rediyo da batirin babur, ya jawo wayar eriya daga sama. Maza suka cika dandali. Iska ta ɗan juya matajin ya fuskanci kudu, wajen gidan Yahuza, ba wanda ya kula. Tukur ya murɗa, aka ji shuu, ya sake murɗawa, sai ga muryar mace ta fito tangaran, har tana amsa kuwwa a bangon masallaci.

"Kai wane irin namiji ne, ko akuya ba ka iya ɗaurewa? Sai baki a waje, a gida kuwa kamar jiƙaƙƙen tsumma."

Wasan kwaikwayo ne wata tashar Kano ke yi, Tukur ya san haka, don ya ji ɗan kiɗan da ya biyo baya kafin muryar ta ɓace. Amma sauran jama'a ba kiɗan suka saurara ba. Sama suka duba, suka bi bakin eriya da ido, suka sauke shi a kan rufin Yahuza. Kuma duk garin an san akuyar Yahuza ta tsinke shekaranjiya ta shiga gonar mai unguwa. Dariya ta ɓarke, wani har da faɗuwa daga benci. Yahuza ya tsaya kamar an dasa shi.

A nan ne Tukur ya sami damar faɗin gaskiya, kuma ya ga damar sarai. Sai dai ya ga wani abu kuma: idanun mutane a kansa, irin kallon da bai taɓa samu ba duk shekarun da ya yi a gindin tsani. Ya zaro sukundireba ya nuna sama da shi.

"Wannan ma ban ƙure ta ba," in ji shi.

Kafin magariba labari ya gama gari, ya ƙara kiɓa a hanya. Rahmatu matar Yahuza ta rantse ba ta faɗi wannan magana ranar ba. Da aka matsa mata, ta ce ta dai faɗi mai kama da ita ranar da akuyar ta tsinke. Sai abin ya ƙara muni, aka ce ashe eriyar har maganar shekaranjiya take tonowa. Kowa ya shiga tuna abin da ya faɗa a ɗakinsa tun farkon damina. Garin ya yi shiru irin wanda ba a taɓa ji ba. Mata na daka ba waƙa, miji da mata na magana da hannu. Ummuhani, wadda tsakar gidanta ce majalisar matan unguwa, ta wayi gari ba mai leƙo ta, sai ta ja igiyarta ta kawar da bakin eriyar daga gabas. Yahuza ya ja tasa ya kawar da shi daga kudu. Da Tukur ya fito da safe, ya tarar da ita tana kallon arewa, wajen fadamar rake, inda ba gidan kowa sai kwaɗi.

Zariya kuwa yamma take, ta ɗan karkata kudu. Wato daidai kan tsakar gidan Malam Abdulbaƙi.

Bayan sallar Juma'a Tukur ya je ya durƙusa a zauren Malam. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da damina da gwiwar Inna. Sannan ya kawo buƙatarsa, a bar eriya ta fuskanci yamma gobe da hantsi kawai. Malam ya saurare shi har ƙarshe, ya ce shi ma yana son jin karatun, Mukarrama ai a zauren nan ta yi saukar farko. Amma ba zai yarda a ɗauki muryar iyalinsa a sa a lasifika ba. Tukur ya ce zai saita ta ta tsallake gidan, ta kama daga bayan katanga. Malam ya tambaye shi ko ba shi ne ya ce bango ba ya tare ta ba. Tukur ya ce haka ne, amma akwai wani maɓalli. Malam ya ce a nuna masa maɓallin. Tukur ya ce yana Zariya.

"To, Malam Tukur, in ya iso sai mu sake magana."

Ya dawo gida ya tarar da Naja'atu tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba ta ce masa hanya ɗaya ce ta rage, ya fita ya gaya wa mutane eriyar ba ta jin komai. Ya ce ta san abin da take faɗa kuwa, sunan da ya gina shekara da shekaru. Ta ce ta sani, da sandunan labulenta aka yi ginin. Daga ɗakin Inna Indo aka ji tsohuwar na tambaya ko an goge mata farin mayafinta, don ba za ta saurari karatu da na yau da kullum ba. Tukur ya kasa cin tuwo.

Asabar ta zo da rana mai zafi, irin wadda ke biyo bayan ruwa. An share dandali, an shimfiɗa tabarmi, mai unguwa ya zo aka ba shi kujera. Mutane har daga ƙauyukan kewaye, wasu don karatu, mafi yawa don su ji gidan wa za a kamo yau. Aka fito da Inna Indo cikin farin mayafi aka zaunar da ita a bakin zaure, kusa da lasifika, mata suka taru a bayanta daga ciki. Tukur ya kunna rediyo. Eriya na kallon fadama. Wani mutum daga Kano ya shiga bayanin maganin basir, dalla-dalla, ba ya tsallake komai. Mai unguwa ya dubi ƙasa. Inna Indo ta juyo.

"Auta, wannan ne alƙalin gasar?"

Tukur ya ce a gafara za a hau bisa. Ya hau soro da farar rigarsa, ya kama gorar da hannu biyu ya fara murɗa ta yamma. Nan take igiyar gidan Malam ta miƙe, Malam da kansa ne a ƙarshenta, ya naɗe hannun riga. Eriya ta koma kudu. Yahuza, wanda tun safe yake zaune a gindin tasa igiyar, ya finciko, ta wuce gabas. Ummuhani ba ta tsaya sanya mayafi ba ma, ta rataya da dukkan nauyinta. Matajin ya shiga kai da kawowa a sama, rediyo na bin sa. Mai basir ya ce a samu jan tafarnuwa, wata mata ta yi rabin jimla da Turanci, sarewar Fulani ta shigo ta fita, sai can ƙasa-ƙasa aka ji wani na cewa masu sauraro yanzu za mu fara da 'yar takara ta farko, shuu ya haɗiye shi.

Inna Indo ta ɗaga hannu kamar za ta kamo muryar. Tukur ya gan ta daga sama, 'yar ƙarama cikin farin mayafi, ta karkata kunne wajen lasifika. Sai ya saki gorar, ya matso bakin soro.

"Jama'a, ku saurare ni. Eriyar nan ba ta jin maganar kowa. Ƙarfen labule ne da wayar shanya. Abin da kuka ji ranar Alhamis wasan kwaikwayo ne daga Kano. Ni kuma a Zariya tsani nake riƙewa."

Tukur ya rufe ido yana jiran dariya. Ba ta zo ba. Wani dattijo ya girgiza kai ya ce ka ji wayon 'yan boko, yana so a saki igiya ne. Mai unguwa ya ce Injiniya ya ji tsoron Allah, tawali'u daban, yaudara daban. Daga bayan katangar kudu muryar Yahuza ta taso, cike da ɓacin rai.

"Ni za ka gaya wa muryar matata? Shekara nawa ina jin ta?"

Tukur ya rantse, ya sake rantsewa. Ya ce a tambayi Naja'atu. Aka ce mace ai bayan mijinta za ta bi. Ya cire sukundireba ya nuna musu cewa ko fitilar cikinsa ba ta kamawa. Aka ce wannan ma wata dabara ce. Tunda yake a duniya bai taɓa faɗin gaskiya mai yawa haka a zama ɗaya ba, kuma ba a taɓa ƙaryata shi kamar ranar ba.

Da ya ga ba sarki sai Allah, ya koma ya rungumi gorar ya juya ta yamma da iyakar ƙarfinsa. Maƙwabta uku suka ja a lokaci ɗaya, kowa wajensa. Gorar ta lanƙwasa, ta yi ƙara kamar an taka busasshen kara, ta karye a tsakiya. Gwangwala ta rabu biyu. Sandunan labule suka yi ruwa a gidaje huɗu, ɗaya ya faɗa tukunyar man Ummuhani, ɗaya ya soke a rufin rumbun Malam. Ummuhani ta zauna daɓas da igiya a hannu. Yahuza ya yi baya-baya ya faɗa kan akuyar, ta tsinke ta fita.

Shi kuwa Tukur, guntun gorar ya ture shi ya sulluɓo daga soro, ya dira a kan katangar da ta raba gidansa da na Malam. Katanga ce ta ƙasa, faɗinta bai fi tafin ƙafa ba. A faɗowarsa ya cafko abin da hannunsa ya samu, sandan labule ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kowanne da silin wayar rediyo a jikinsa. Ya buɗe hannuwa don kada ya kifa, ya tsaya yana tangaɗi, fuskarsa yamma.

Shuu ya ɗauke kamar an rufe famfo. Muryar wata yarinya ta cika dandali tana karatu, tas, har ana jin tarin wani a cikin zauren gasar a Zariya.

Ba wanda ya motsa. Tukur ya ɗan sauke hannun dama don ya nemi wurin dafawa, shuu ya dawo. Ya mayar, karatu ya dawo.

"Auta," in ji Inna Indo, ba ta ko ɗaga murya ba, "tsaya haka."

Malam Abdulbaƙi ya zagayo dandali yana haki, rawani a karkace. Ya dubi mutumin da ke tsaye a kan katangarsa, ya yi nazari. Ya ce kunnen Tukur dai ya san shi tun ranar suna, ba ya jin ko kiran salla in yana barci, don haka ba shi da damuwa da kunnen. Idon ne matsala, ga tsakar gida a buɗe a gabansa. Tukur ya ce zai rufe. Malam ya ce alkawarin Tukur ya ishe shi haka a makon nan. Sai Yahuza, da ya fito yana ɗingishi, ya ɗauko dogon karan rake ya miƙa, ya turo hular Tukur gaba har ta sauka kan hancinsa. Ya yi aikin a hankali, da kulawa, kamar mai jin daɗinsa.

Wadda ke karatu ba Mukarrama ba ce, wata ce daga Ikara. Bayanta aka kira wata daga Hunkuyi, sannan wata, sannan wata. Rana ta hau. Zufa ta jiƙa farar riga ta manne a bayansa. Ƙuda ya sauka a leɓensa ya yi zamansa, ya hura masa iska, rediyo ya yi ƙara, jama'a suka ce Injiniya a daina wasa. Duk lokacin da kafaɗa ta gaji hannu ya fara sauka, sai dandali gaba ɗaya ya ce hagu, ko ya ce dama, kamar masu koya wa makaho hanya. Naja'atu ta zagaya maƙwabta ta tattaro sandunanta, ta zo gindin katanga ta tsaya tana duban biyun da suka rage. Ta ce masa a hankali, in an gama kada ya yar, na ƙofar ɗaki ne.

Sai mai gabatarwa ya ce 'yar takara ta ƙarshe, Mukarrama Hamisu daga ƙaramar hukumar Makarfi.

Wata guɗa ta fara tashi daga cikin zaure, aka yi saurin toshe ta. Yarinyar ta yi isti'aza, ta ja numfashi, kuma aka ji numfashin. Muryarta ta fito siririya da farko, sannan ta zauna. Inna Indo ta ajiye carbi a cinya. Leɓunanta na bin karatun, wani lokaci suna riga yarinyar isa ƙarshen aya, su jira ta a can. Malam ya sunkuyar da kai. Ko 'yan kallon da suka zo jin asirin gidaje sun yi shiru. A kan katanga, cikin duhun hula, Tukur ya daina jin kafaɗunsa. Bai motsa ko yatsa ba har ta kai aya ta ƙarshe.

Da ta rufe, dandali ya ɗauki kabbara. Inna Indo ta goge ido da bakin mayafi, ta ce yarinyar ta ɗan yi sauri a tsakiya, amma ba laifi.

Jin ana ta barka, sai ran Tukur ya dawo jikinsa. Daga ƙarƙashin hula ya gyara murya ya fara bayani. Ya ce abin da jama'a suka gani yau ba haɗari ba ne, shi ne matakin ƙarshe na binciken, wanda ko a Zariya ba a kai ga gwada shi ba, wato a haɗa daifol da jikin injiniyan kansa. Gorar dama an sa ta ne don ta karye. Yana magana yana sauke hannuwa a hankali, yana laluben inda zai sa ƙafa.

Ta cikin shuu ɗin da ya fara tasowa aka ji mai gabatarwa na cewa alƙalai sun shiga tattara sakamako, za a sanar da shi da zarar manyan baƙi sun gama jawabi. Ya fara karanto sunayen masu jawabin. Ya daɗe yana karantowa.

Inna Indo ta gyara zama, ta sa aka ƙara mata matashi a bayanta, ta ɗauki carbinta.

"Auta, hannun hagun ya sauka."